Kuɗin Baƙo a Garin Mutane: Wa Zai Ɗauki Wahalar Canji?

Gabatarwa

Akwai wata shawara da akan ba duk wanda ya ɗaura niyyar ƙetare iyaka don ya je tattaki cikin duwatsun wata ƙasa. Akan ce masa, kafin ka bar babban gari ka tabbata ka canji kuɗin ƙasar wanda zai ishe ka, domin can sama babu banki, babu ɗan canji, katin cire kuɗi kuwa bai fi guntun roba ba. Shawara ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma in mai karatu ya lura zai ga dukkanta ta tsaya ne a kan amfanin matafiyi, watau kada ya kwana da yunwa, kada ya ji kunya, kada kuma a cuce shi. Ban cika jin an ambaci ɗaya mutumin ba, wanda za a miƙa wa kuɗin.

To, shi wannan ɗaya mutumin nake so mu duba a wannan ɗan rubutu. Tambayata ita ce, shin riƙe kuɗin gari dabara ce kurum irin ta ɗaukar laima da damina, wadda in mutum ya bari kansa ya yi wa, ko kuwa haƙƙi ne na mutanen gari a wuyan baƙo? Ni a ganina haƙƙi ne. Zan kawo dalilaina, sa'an nan in kawo hujjojin waɗanda ba za su yarda da ni ba, gwargwadon ƙarfinsu, don malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mana alƙalanci.

Mene Ne Kuɗi?

Ba za mu gane nauyin tambayar ba sai mun fara tuna abin da kuɗi yake. Harshenmu ma ya ajiye mana amsa, domin kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata 'yar halittar ruwa ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldib a Tekun Indiya. Ba a cinsa, ba a shansa, ba a rufa da shi. Duk da haka kakanninmu sun sayi hatsi da doki da gida da shi, don kawai kowa ya tabbata in ya karɓa yau, gobe maƙwabcinsa zai karɓa daga hannunsa. Ranar da wannan tabbaci ya gushe, wuri ya koma adon 'yan bori da kayan wasan yara.

Masana sun daɗe da faɗin haka. Aristotal na Girka ya lura cewa darajar kuɗi yarjejeniyar jama'a ce ta ba shi, har sunan kuɗi a harshensu ya fito ne daga kalmar da take nufin doka ko al'ada, kuma jama'ar da ta ba shi daraja tana iya janye ta. Imam Gazali kuma, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya kwatanta dinari da dirhami da alƙalai biyu masu raba gardama tsakanin kayayyaki, ya kuma kwatanta su da madubi, wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. Abin da zan ƙara a kan wannan kwatanci shi ne, kowane alƙali yana da iyakar ƙasar da hukuncinsa yake ci. Alƙalin Kano ba ya yanka hukunci a Masar. Haka takardar kuɗi take. Alkawari ce tsakanin wata jama'a da hukumarta, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗanɗana wannan da jikinsa. Ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Da ya ƙarasa Kukawa ta Barno a wannan shekara sai ya tarar kiɗa ya sauya. Ya ba da labarin cewa manomin da ya kawo hatsi kasuwa ba ya karɓar wuri, kuma da ƙyar yake karɓar dala. Saboda haka mai dala tilas ya fara sayen wuri da dalarsa, ya sayi riga da wurin, sa'an nan ya ba manomi rigar ya karɓi hatsi. Barth ya koka da gajiyar da ke cikin wannan. Amma ku lura da wanda ya sha gajiyar. Baƙo ne ya yi ta zaga kasuwa har ya samo abin da manomi zai iya amfani da shi a ƙauyensu. Manomi bai motsa ba. Ni dai a wurina wannan shi ne daidai, kuma shi ne tsarin da matafiyan zamaninmu suke neman juyawa.

Hanyar Duwatsun Nepal

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. Ƙasar Nepal tana tsakanin Indiya da Sin, kuma a kan iyakarta ta arewa ne dutsen Everest yake, wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kai wa ƙololuwarsa ranar 29 ga Mayu, 1953. A yau dubban mutane sukan je can kowace shekara. Akasarinsu ba hawan ƙololuwa ya kai su ba, tattaki ne kawai na mako biyu ko uku a ƙafa, daga ƙauye zuwa ƙauye. Wasu sukan zo ta jirgin sama, wasu kuma sukan shigo ta ƙasa daga Indiya, ta mashigar Sunauli ko ta Raxaul, da rufin Indiya ko dalar Amurka a aljihu. Nepal kuwa tana da nata rufi dabam.

Mai son zuwa gindin Everest yakan fara tafiyar ƙasa daga Lukla, a tsayin mita 2,860. Bayan kwana biyu ya kai Namche, mita 3,440, garin da yake da kasuwa da banki da 'yan canji. Daga nan sai hawa, har sansanin gindin dutsen, mita 5,364. Mota ba ta zuwa waɗannan wurare. Shinkafar da matafiyi zai ci da tukunyar gas da za a dafa ta da ita, galibi a bayan ɗan Adam ko a bayan dabba suka hau, shi ya sa kwanon shinkafa da wake yake ƙara tsada da kowane zango. 'Yan dako su ne ƙashin bayan wannan harka. Mutum ɗaya yakan ɗauki kilo 25 ko 30 na kayan baƙi, ya rataya igiyar kayan a goshi, ya yi ta hawa cikin sanyi da ƙarancin iska. Da yawansu ba 'yan wannan yanki ba ne, talakawa ne daga ƙauyukan ƙasa-ƙasa da sukan zo cin rani lokacin baƙi.

Ba ina magana ne a kan mai babban masauki ba. Shi wannan ya san dala, ya san farashinta na yau, in ka ba shi zai karɓa a farashin da ya ga dama, kai ne ma za ka yi asara. Ina magana ne a kan ɗan dako da mai 'yar rumfar shayi a bakin hanya. A ce tafiya ta ƙare, baƙo ya ga rufinsa ya ƙare, ya zaro takardar dala 20 ya miƙa wa ɗan dako ladansa ko tukuicinsa. A ransa ya biya, har ma yana ganin ya kyauta, tun da kuɗinsa ya fi na ƙasar ƙarfi. Amma a haƙiƙa ya sauke wa ɗan dako kaya guda ne ya aza masa huɗu.

Na farko wahala. Takardar nan ba za ta sayi gishiri a ƙauyensu ba, sai ya nemi inda ake canji, kuma wataƙila hanyarsa ta gida ba ta bi ta can ba. Na biyu rashin sani. Baƙo ya san farashin canji na yau, yana cikin wayarsa. Ɗan dako zai karɓi abin da mai canji ya faɗa ne, ya kuma biya la'ada. Na uku jinkiri. Iyalinsa yau suke bukata, bashin da ya ci a masaukan hanya yau ake binsa. Na huɗu hatsari, wanda ya fi sauran nauyi. Bai iya bambanta ta gaske da jabu ba, bai kuma san cewa masu canji a ƙasashe da yawa sukan ƙi tsohuwar takardar dala, ko wadda ta yage, ko wadda aka yi wa rubutu ba. In ma sulallan wata ƙasa aka juye masa, to, an ba shi ƙarfe ne kurum, domin masu canji ba su karɓar kuɗin ƙarfe.

Duk waɗannan kaya huɗu baƙo yana iya sauke su cikin rabin sa'a a Katmandu, inda masu canji suke jere da allunan farashi. Shi ya zaɓi tafiyar, shi ya ƙetare iyaka, shi yake da lokaci da ilmi da hali. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kuwa wani ya ja ruwa, wani ruwa ya doka. Wannan shi ne ginshiƙin hujjata: wahalar da take da sauƙi a kan mai ƙarfi, in ya tura ta kan marar ƙarfi inda za ta ninka, ya rage masa haƙƙi ko da lissafin takarda ya nuna an biya cif.

Daren 8 ga Nuwamba, 2016

Wataƙila wani ya ce na kambama hatsarin. To, ga abin da ya faru. Babu kuɗin waje da ya kai rufin Indiya karɓuwa a Nepal. Iyakar ƙasashen biyu a buɗe take ga 'yan ƙasashen, bisa yarjejeniyar 1950, kuma tun 1993 an ɗaure farashi, rufin Indiya 100 daidai da rufin Nepal 160. Ba gardamar farashi, ba neman allo. Saboda haka 'yan kasuwa da 'yan cin rani da masu masaukai na Nepal suka saki jiki suna karɓarsa, har suna ajiya da shi.

Daren 8 ga Nuwamba, 2016, Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya fito ya ba da sanarwa cewa daga tsakar wannan dare takardun rufi 500 da 1,000 sun daina aiki. Waɗannan takardu biyu su ne kimanin kashi 86 cikin 100 na darajar kuɗin da ke hannun jama'a. An ba mutanen Indiya wa'adi zuwa 30 ga Disamba su kai nasu banki. Mutumin Nepal da ya karɓi takardun nan da zuciya ɗaya fa? Ba bankinsa ne ya buga su ba, ba hukumarsa ce ta soke su ba, ba shi da ƙuri'a a Indiya balle ya hukunta wanda ya yi. Aka ɗauki shekaru ana zance tsakanin hukumomin biyu, takardu suna kwance cikin akwatuna. Baƙon da ya biya da su ya daɗe da komawa gida yana nuna hotuna.

Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986. 'Yan'uwanmu da yawa na Maraɗi da Ƙonni, waɗanda suka sayar mana da dabbobi da wake suka karɓi naira, sun wayi gari da takardu a hannu, ƙofa kuma a rufe. Darasin ɗaya ne. Duk wanda ya riƙe kuɗin wata ƙasa ya ba ta bashi ne, kuma ranar da ta tashi gyara gidanta, ba ta tuna wanda yake bayan katanga. Mai hali yana iya ɗaukar wannan kasada da saninsa. Ba daidai ba ne a ɗora wa wanda ladan mako biyu ne duk jarinsa.

Hujjojin Masu Musu

Hujja ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce ta yarda. Za a ce ai ciniki yarda ne, ɗan dako ya karɓa da hannu biyu, har ya yi godiya, ina laifi? Za a ƙara da cewa mutane da yawa a ƙasashen da kuɗinsu yake faɗuwa sun fi son dala, domin ita ce ba ta narkewa a ajiye. Wannan gaskiya ne, kuma mu da muka ga abin da ya sami naira ba ma bukatar a yi mana bayani. Amma yarda iri biyu ce. Akwai yardar wanda aka ba zaɓi, akwai ta wanda aka tsare a lungu. In an riga an ci abinci, an riga an sauke kaya, baƙo ya buɗe jaka ya ce wannan kaɗai gare ni, me ya rage wa talaka in ba karɓa ba? Godiyarsa ma ta ladabi ce. Ma'aunin da nake bayarwa mai sauƙi ne: ka riƙe kuɗin gari a aljihu, sa'an nan ka tambaye shi wanne ya fi so. In ya zaɓi dala alhali rufi yana gabansa, wannan yarda ce, ba ni da ta cewa. Ka ga ke nan ko mai wannan hujja bai tsira daga neman kuɗin gari ba, domin da shi ne yardar take inganta.

Har ila yau akwai wanda ba a tambayi yardarsa ba, watau sauran mutanen gari. Inda aka saba biya da kuɗin waje, kasuwa takan rabu biyu, mai dala a gaba, mai kuɗin gida a baya, ɗan ƙasa ya zama baƙo a garinsu. Irin wannan tsoro ne ya sa Tanzaniya, ƙasar da masu tattaki suke tururuwa don hawan Kilimanjaro, ta kafa doka a watan Maris na 2025 wadda ta hana sa farashi da biya da kuɗin waje a cikin ƙasa, ban da 'yan abubuwan da aka keɓe. Ana iya gardama kan ko doka ce maganin abin, amma ciwon da ta nufa na gaske ne.

Hujja ta biyu ita ce, ai hukumomi da kansu kuɗin waje suke nema. Ita Nepal ɗin a bakin iyaka da kuɗin waje take karɓar kuɗin biza daga baƙo. In ya halatta ga sarki, don me zai haramta ga talaka? Amsa ita ce hukuma tana da babban banki, da ma'aikatan da suka san jabu, da bukatar dala don sayo man fetur da magani. Babu ko ɗaya daga kayan nan huɗu da yake yi mata nauyi. Kwatankwacin haka ake gani a Turai, a hanyar tattakin da ta kewaye dutsen Mont Blanc, mai tsawon kimanin kilomita 170, wadda ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Biyun farko yuro suke ci, ta ukun tana da nata faran. Mai masauki a ɓangaren Suwizalan yakan karɓi yuro, amma a farashin da shi ya yanka, kuma sau da yawa ya ba ka canji da kuɗin ƙasarsu. A can wahalar canji ta koma kan matafiyi da kanta, domin mai gida ba shi da rauni. Wannan ya nuna cewa tambayar ba ta tashi sai inda ƙarfi bai zo ɗaya ba, kuma a nan ne ake gane halin mutum.

Hujja ta uku ta fi kusa da zuciyarmu. Za a ce iyakokin nan wa ya shata su? Tsakanin Katsina da Maraɗi harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a takarda. Don me za a mai da girmama layin Bature wani abu na ɗabi'a? Na yarda da rabin wannan magana. A kasuwannin iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari, naira da sefa duka suna ci, masu canji suna zaune a bakin hanya, mai tallan fura ma ta san farashin yau. Wanda ya biya da naira a irin wannan wuri bai ɗora wa kowa kaya ba. Amma wannan bai rushe maganata ba, ya dai gyara mini ma'anar kuɗin gari. Kuɗin gari shi ne wanda mai karɓa zai iya kashewa inda yake zaune, yau, ba tare da asara ba. Taswira ba ta faɗin wannan, kasuwa ce take faɗi. Wani lokaci ma kasuwa ta fi taswira tsanani. Sefar Nijar da sefar Chadi sunansu ɗaya, darajarsu ɗaya, kowace 655.957 a kan yuro guda, amma bankuna biyu ne suke buga su, kuma mai tafiya daga Diffa zuwa Njamena sai ya nemi ɗan canji kamar kowa.

Hujja ta huɗu ta zamani ce: ga kati, ga waya, wa yake bukatar takarda? Wanda ya ga farkon 2023 a Nijeriya, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, ya san amsa. Mutum yana da dubbai a asusu ya kasa sayen ƙosai, domin mai ƙosai ba ta da asusu, ko kuma sabis ya ɗauke. In haka ta faru a tsakiyar birni, ina ga ƙauyen da wutarsa ta hasken rana ce, gajimare kuma ya rufe dutse kwana uku? Na'ura tana da amfani inda mai karɓa yake da ita. Inda ba shi da ita, ta zama wani kuɗin waje ne kawai.

Haƙƙin Baƙo a Kan Mutanen Gari

Ba zan yi adalci ba in na ɗora komai a wuyan baƙo. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma babu inda makantarsa take bayyana kamar wurin canji. Bai san launin takardu ba, bai san yadda ake ƙirga ba. Ɗauki misalin kalmar dala. A Nijar dala tana nufin sefa 5, saboda haka in an ce dala ashirin ana nufin sefa 100. Dattawan Nijeriya kuwa sun san dala a matsayin sule biyu, ɗan boko kuma in ya ji dala sai hankalinsa ya tafi Amurka. Harshe ɗaya ke nan, ina ga wanda bai ji harshen ba? Mai canjin da ya ga wannan makanta ya rage takarda guda, ko ya ɓoye farashin gaskiya, ya aikata abin da nake zargin baƙo da shi, watau cin raunin wani. Malaman fiƙihu sun tsananta a babin canjin kuɗi, suka shar'anta a yi shi hannu da hannu a zama ɗaya, kuma a fahimtata hikimar ita ce kada ɗaya ya tafi ya bar ɗan'uwansa da kasada.

Fataken da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja sun warware wannan matsala tun da daɗewa. In ayari ya sauka zango, baƙo yana da mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa abin da yake ci a wannan kasuwa da farashinsa, ya kuma tsaya masa in an nemi cutarsa. Shi kuma falke bai taɓa tsammanin Salaga za ta bi ma'aunin Kano don ya zo ba. Yakan nemi sanin abin da mutanen wuri suke so, ya ɗauko shi tun daga gida. Kowanne ya ɗauki rabonsa na wahala. Abin da ake nufi ke nan da cewa da ɗan gari akan ci gari.

Kammalawa

A taƙaice, ga abin da nake ganin ya wajaba a kan mai ƙetare iyaka don tattaki. Ya canji kuɗi a wurin masu izini tun yana babban gari, ya lissafa kwanakinsa ya ƙara na ko-ta-kwana, domin dutse ba ya bin jadawalin kowa. Ya nemi ƙananan takardu, domin wanda ya sha shayin rufi 100 ya miƙa takardar 1,000 a rumfar da ba ta yi cinikin haka ba tun safe, shi ma ya tura wani yawon neman canji. Ya ware ladan 'yan dako da tukuicinsu gefe guda tun ranar farko, kada ya taɓa, don kada haƙƙin wanda ya fi kowa wahala ya zama shi ne ragowar aljihu. In kuma larura ta sa dole ya biya da kuɗin waje, ya faɗi farashin gaskiya, ya ƙara wani abu a kai saboda wahalar da ya jawo, ya kuma san cewa alfarma aka yi masa.

Akwai kuma wani amfani da yake komawa ga shi matafiyin. An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba ta buɗe wa wanda ya ɗauki garinsu a ka ya tafi da shi. Tsayawa gaban ɗan canji, da koyon ƙirga da kuɗin mutane, da sanin abin da ladan yini guda yake saye a kasuwarsu, shi ne darasin farko na zama baƙo. Wanda ya san kuɗin kwanon shinkafa da kuɗin gari, ya san nauyin abin da ya ba ɗan dako. Wanda yake lissafi da kuɗin gidansu kuwa, kome arha ne a idonsa, har da gumin mutane.

Da yawa daga cikinmu za mu ƙetare iyakoki bayan mun bar wannan jami'a, wasu don karatu, wasu don fatauci, wasu don buɗe ido. Wani wuri kuɗinmu zai fi na masu masaukinmu ƙarfi, wani wuri kuma mu ne za a kalli takardarmu a girgiza kai. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. In rana ta fito raɓa ta tafi, abin da ta bari a kan ganye shi ake tuna ta da shi. Na san akwai masu nazarin tattalin arziki da na shari'a a cikinmu da za su ga gurbi a hujjojina, musamman kan batun yarda, kuma zan yi murna in karanta martaninsu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu sauka lafiya duk inda muka nufa, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.